Wutar da Ba Ta Ɗaukewa

Auta,

"Yaya, bar mini wannan. Kafin damina ta ɗauke zan zo da tsani da kaina, sai Baba ya ji ko tarin sauro a rediyonsa." Maganarka ce, ban ƙara mata gishiri ba. A bakin matakala ka faɗe ta, makullin mota a hannunka, ƙafarka ɗaya ta riga ta sauka. Damina ta ɗauke, Auta. Ciyawar bayan gida ta bushe har an cinna mata wuta, tsani bai zo ba.

Yanzu sai gaisuwa, tunda an koya mana ita. Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka da yara, da fatan aiki na tafiya. Na koma takarda ne saboda wayata ba ta samunka, kullum kana taro. Takarda tana da haƙurin jira a kan tebur, kuma ba a ce mata "ban faɗi haka ba".

Bari in tuna maka abin da ake ciki, ko taro ya shafe maka shi. Ubanmu yana da rediyon oba-oba, irin wanda za ka yi magana a ji ka, a amsa ka ji, da lasisinsa da lambar kiransa tun ba a haife ka ba. Kullum da hantsi yana kiran abokinsa Na Kan Dutse, tsohon nan mai awon ruwan sama a tashar yanayi, can inda ko waya ba ta kamawa. Shekara talatin da ɗoriya suna hira, ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Tun rasuwar Inna, tun kuma ciwon da ya kashe masa ƙafafu da hannu ɗaya ya hana shi saukowa daga bene, wannan hirar ita ce kasuwarsa, ita ce bakin titinsa.

Sai kai, injiniyan kamfanin wuta, ka yi wa unguwa gata, ka mayar da titinmu kan layin asibiti, wutar da ba ta ɗaukewa. Kowa ya sa maka albarka, har da ni, sai da na yi guɗa. Tun daga makon nan rediyon Baba ya cika da wata ƙara kamar an jefa ɗanyen nama cikin tafasasshen mai, ba dare ba rana. Da wutar tana ɗaukewa kamar da, da sai ya haɗa batir ya saurari abokinsa cikin shiru. Wannan ƙofar ma ka toshe ta. Sai fa in ana ruwan sama ƙarar take lafawa, ga shi ruwan ya tafi.

Bai fasa kira ba. Zai gyara hula, ya danna makirfo, ya yi tambayarsa ta kullum: "Na Kan Dutse, ruwan nawa ka tare mana yau?" Sai ya saki, ya kasa kunne ga suyar nan, yana gyaɗa kai. Can sai ya ce, "Ban ji ba, amma na gode." Ni kuwa ina tsaye da tiren shayi, na rasa inda zan ajiye idona.

Ka zo da tsanin. Ka gaida gida.

Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kina lafiya, da jikin Baba, da ɗawainiyar makaranta. Allah ya saka miki da alheri bisa zaman da kike yi da shi.

Takardarki ta same ni. Ina so in gyara wani abu: ban yi watsi da maganar ba. Na tura ma'aikata tun watan jiya, sun duba titin daga farko har ƙarshe, rahotonsu yana gabana, ba su sami matsala ba. Irin wannan ƙara tana iya fitowa daga wurare da dama. Akwai mai walda a ƙasanku, akwai cajar waya, akwai ƙwayayen fitila marasa kyau. Kada kuma mu manta rediyon kansa ya girme ni.

Yaya, ki dubi abin da idon basira. Maganin Baba yana cikin firiji, bai ƙara lalacewa ba. Fanka tana juyawa a kansa dare da rana. Tela ya ƙara keke, mai niƙa ya daina sayen mai. Layin asibiti kuwa ba a kashe shi sai da izini daga sama, kuma ba zan iya rubuta wa manyana cewa a kashe shi saboda hirar dattawa biyu ba.

Na sayo wa Baba waya mai babban allo, direba zai kawo. A nemi lambar wani na kusa da abokin nasa, in ya sauko gari su gaisa. Zamani ya wuce oba-oba.

Zan shigo da zarar aiki ya yi sauƙi. A gaida Baba, a ce ina neman addu'a.

Ƙaninki


Auta,

Gaisuwa, da fatan rahotonka yana nan lafiya a gabanka.

Ma'aikatanka sun zo, ban musa ba. Ranar da suka zo ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suka fake a shagon tela, suka sha shayi, ɗaya ya leƙo ya ɗaga kai ya dubi waya, ya ce lafiya lau. Gaskiya ya faɗa. An kai likita ya duba mai zazzaɓi a ranar da zazzaɓin ya sauka. A ranar ne ma Baba ya ji muryar abokinsa karo na ƙarshe. Ya ce muryar ta dishe, ya tsokane shi wai ya cika shan ruwan sanyi.

Tunda ka jera mini waɗanda ake zargi, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na sa rediyon a batir, ƙarar tana nan. Mai walda ya rufe shago ya tafi ganin gida, ƙarar tana nan. Sai na sauko da littattafan Baba na kan sif, waɗanda kake ɗora kofi a kansu. Tarihi nake koyarwa, amma karatu karatu ne. Suka ce in tangaran ɗin da ke riƙe waya a kan falwaya ya tsage, wuta takan riƙa tsallake tsagar tana tartsatsi, tartsatsin nan shi rediyo yake ji. In ruwa ya jiƙa wurin sai tsagar ta haɗe, a sami shiru. Kai ka san wannan, da shi aka ba ka digiri.

Na ɗauki ƙaramin rediyon Inna na kicin, na murɗa shi inda babu tasha, na bi titi falwaya bayan falwaya, yana manne a kunnena. Tela ya leƙo ya ce, "Malama, labarin duniya ne ya yi zafi haka?" Na ce, "Labarin saman kanka ne." A gaban shagonsa rediyon ya kusa fasa mini dodon kunne. Falwayar da aka ja sabuwar wayar wutarka daga gare ta ce. Da magariba in ka tsaya ka ɗaga kai, za ka ga wutar tana ƙyaftawa shuɗiya, kamar idon mage.

Wayarka mai babban allo ta iso. Baba ya juya ta, ya gode, ya sa ta ƙarƙashin ƙafar tebur ɗin rediyo da ke rawa. Ta yi daidai.

Hirar dattawa biyu, ka ce. Lokacin da kake makarantar kwana ka kwanta ciwo, hanya ta yanke, da wannan hirar aka samo wanda ya kai maka magani. Ina yarinya na tsani rediyon nan don yana cinye mana uba. Yanzu da na san abin da yake riƙe masa, ga shi an cinye rediyon.

Ga wata takarda da ta zo jiya, na haɗo maka ita. Karanta a zaune. In ka gama, ka sani ina shirin kai ƙara babban ofishinku, tunda ƙaramin ya fi ƙarfina.

Yayarka


Zuwa ga iyalan Na Bene,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ina gaida Baba da jiki. Ba ku san ni ba. Ni 'yar wanda kuke kira Na Kan Dutse ce, na hau wurinsa jinya. Adireshinku na samu a jikin katunan da suke aika wa juna. Na Bene yake kiran mahaifinku, ban san masa wani suna ba, ku yafe ni.

Na rubuto ne don ku san muna jin Baba. Kullum muna jin sa, tas, kamar yana zaune a ɗakin. Mahaifina yakan sa a kai shi gaban rediyo tun kafin lokaci. In Baba ya ce ruwan nawa ka tare mana, sai ya danna ya ce, "Na sako muku, a hanya ya tsiyaye." Daga nan tari ya kama shi. Muna jin Baba yana cewa bai ji ba amma ya gode. Mahaifina yakan yi dariya, ni kuwa in fita waje.

Ciwon a maƙogwaronsa yake. Likitoci sun ce sai an cire wurin, kuma in an cire, rai zai iya saura amma murya ta tafi ke nan. Ran Litinin ta farkon wata mai kamawa za mu sauka asibiti. Ya hana ni faɗa, ya ce kada a ɗora wa mai ciwo ciwo. Na saɓa masa ne saboda na ga yana tattalin muryar. Ba ya magana da ni sai da hannu, duk abin da ya rage yana ajiye wa hantsi, ga shi ba ta isa inda ya aike ta.

Baba yana yawan ba shi labarin ɗansa injiniya da ya haskaka unguwa. Na ce ko shi zai san yadda za a yi.

Allah ya ba su lafiya baki ɗaya. Na gode.

'Yar abokinsa


Auta,

Ina gaishe ka. Ban kai ƙarar ba, kuma ba don na huce ba.

Na karanta wa Baba takardar yarinyar. Ya ce in maimaita wurin "a hanya ya tsiyaye". Na maimaita. Ya juya fuska wajen taga. Ni kuwa na ɗauki jaka, na ce yau sai babban ofis sun san da zamana. Sai ya kama wuyan hannuna da hannun nan nasa mai lafiya.

"Uwata, zauna."

"Baba, na gano falwayar. Ta gaban tela ce."

"Sannu da ƙoƙari. Ni tun makon farko na san ta."

Na zauna.

Ya ce, "Ta tagar nan na kalli aikin. Kai tsaye suka ɗaura wayar a layin asibiti, babu abin katsewa a tsakani, babu motar kamfani, babu mai riƙe da fayil. Aikin da aka yi da izini ba haka ake yin sa ba. In kin kai ƙara, dole a kashe layin kafin a hau. In za a kashe, manya za su zo. In sun zo za su tambayi wanda ya sa hannu, kuma babu wanda ya sa."

Na ce, "Shi ne ka yi shiru damina guda kana gode wa ƙara?"

"Ai yana ji na. Da babu gara ba daɗi."

"Muryarsa fa, Baba?"

"Abokina zai rasa murya, ɗana zai rasa abincin 'ya'yansa. Ke malama ce, auna mini."

Ban auna ba. Na shiga kicin na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Ashe taron da kake yi ke nan. Ashe da ka tura mutane ranar ruwa, ka san abin da kake yi. Na zage ka a raina da ragwanci, ashe tsoro ne, kuma ban san wanne ya fi ciwo ba. Garin gyaran gira ka tsone wa ubanka ido, shi kuma ya rufe idon da hannu don kada a ce kai ne. Ina tuna guɗar da na yi ranar da aka kunna wutar. Da ana mayar da guɗa ciki, da na mayar.

Da na dawo ɗakin na ce masa to mu bar falwaya da halinta. Mu sa rediyo da batir a mota, mu fita gari har mu wuce falwaya ta ƙarshe, in jefa eriya a kan bishiya, ya kira daga can. Idonsa ya yi haske, sannan ya dubi ƙofa. Ka san matakalarmu, kujera ba ta juyawa a kwanarta. Na ce tela da mai walda za su kama.

Ya ce, "Ba za a sauko da ni hannu da ƙafa kamar gawa ba, ina da ɗa a duniya."

Na ce, "Ɗan naka yana taro."

Ya ce, "Zai fito."

Ka ji inda muka kwana.

Yayarka


Yaya,

Ina gaishe ki. A mota na karanta takardarki, na kasa shiga ofis.

Kin tuna yadda Inna ta ƙare, cikin zafin nan, kina yi mata fifita da kwali, ni da nake aikin wuta ina tsaye hannu rabbana. A ranar na yi rantsuwa Baba ba zai ga haka ba. Na nemi izini aka hana, na yi abin da na yi. Na ɗauka babu wanda ya lura. Na manta wanda ya koya mini haɗa waya tun ina rarrafe a ƙarƙashin teburinsa.

Tun da ƙarar ta fara na san daga ina take. Duk zuwan da na yi, in na ji ta daga matakala sai in gaisa a tsaitsaye in fice. Yanzu da na san ya sani, da wane ido zan dube shi? Har yana yabona a gaban abokinsa.

Akwai gyaran da aka tsara yi wa layin asibiti a farkon shekara. In an kashe, zan sa a canza tangaran ɗin ba tare da an lura ba. Ki ba ni lokaci, Yaya. Ki ce wa Baba ina nan tafe, ban dai san ranar ba.

Auta


Auta,

Na gaishe ka, kuma wannan karon da zuciya ɗaya.

Farkon shekara ka ce. A lokacin za ka ba Baba shiru mai tsabta, ya kasa kunne ya ji babu kowa. Riƙe gyaranka, ka yi shi ranar da ya yi maka. Ba zan kai ƙara ba, ba zan faɗa wa kowa ba, Baba ya ɗaure mini baki kuma na bar shi a ɗaure. Na yafe tsanin. Bayanka nake nema.

Ka tambayi da wane ido za ka dube shi. Wanda ya goya mutum ba ya ganin fuskarsa. Ka juya masa baya, ka durƙusa, shi ke nan.

Na rubuta wa yarinyar su zauna gaban rediyo ran Asabar da hantsi, kafin Litinin ɗin da za su sauka. Na cika batir, na naɗe eriya, mai walda ya ba da motarsa. Baba ya sa an wanke masa babbar riga an goge, ya ce a rataye ta inda zai riƙa ganinta. Tun jiya yake gwada abin da zai ce, yana sokewa.

Zan jira ka ran Asabar har rana ta taɓa tagar kicin. In ta taɓa ba ka zo ba, zan ɗaura zane in goya shi da kaina, ko ya yi kuka, ko ya yi fushi da ni har ƙarshen ransa. Wannan bayan nawa shi ya goya ka har ka yi wayo, bai manta hanya ba. Zan sauko da shi a gaban tela da mai niƙa da duk wanda ya taɓa sa maka albarka, mu bi ta ƙarƙashin falwayarka. Wanda ya tambaye ni ina ɗansa, zan ce yana taro.

Baba bai yi nauyi ba yanzu, Auta. Ka zo ka ji da kanka.

Yayarka